Wankin Gonar Baba Arzika

"Ku riƙe ni ta hammata, ba ta wuya ba. Ni ba rago ba ne da za ku kai kasuwa."

Baba Arzika ne ke faɗa, ɗansa Sule da wani maƙwabci suna kiciniyar ɗora shi a kan amalanken shanu a ƙofar gida. An shimfiɗa masa tabarma da filo a ciki. Matarsa, Inna Barakatu, na tsaye a bakin zaure da mayafi a hannu, ko yafawa ba ta yi ba.

"Maigida, likita cewa ya yi ka kwanta."

"To a tsaye kika ga zan tahi? Amalanke ai gado ne mai ƙafa."

Ni ina zaurenmu ina kallo ta tsagar ƙyaure, na ɗauka babu wanda ya san ina wurin. Da aka gyara masa kumburarrun ƙafafunsa, sai ya ɗaga hannu ya nuna gidanmu ba tare da ya waiwaya ba.

"A kira min ɗiyar Malam Isa. Ga ta can tana leƙe."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na jawo hijabina na fito, na durƙusa na gaishe shi.

"Hamdiyya, da ke za mu gona," in ji shi. "Ki biyo mu."

Na san dalili. Kimiyyar ƙasar noma na karanta a jami'a a Sakkwato, kuma cikin daminar nan na dawo tungarmu da ke gefen Wara bayan na gama bautar ƙasa. Wata rana na bi ta gefen gonar Baba Arzika, da na dawo gida na ce wa innarmu ruwan rijiyarsa ne ke cutar gonar. A ɗakinmu na faɗa, muna tsintar wake. Innarmu ta faɗa wa Inna Barakatu ta saman katanga, ita kuma ta kai wa mijinta a kan gadon jinya. Likitoci a Yelwa sun riga sun sallamo shi, sun ce zuciyar ta gaji, a kai shi gida a kula da shi.

Muka kama hanya, Sule na jan shanu, ni ina bin amalanken a baya. Damina ta ɗauke, tafki ya cika ya tumbatsa, masunta na ta kai da kawo cikin kwale-kwale. A bakin ruwa masu albasa sun fara gyaran wuri. Gonar Baba Arzika ba a bakin ruwa take ba, tana can sama kan tudu-tudu, inda tiyon mutum ɗaya ba ya isa tafki. Shi ya sa shekarun baya ya sa aka haƙa masa rijiyar burtsatse a kusurwar gonar, ya dasa injin ban-ruwa, ya zama mutum na farko a tungarmu da ya noma alkama da rani.

Duk yankin an san rijiyar. Ruwanta na da zartsi, in ka kurɓa sai ka ji kamar an jiƙa kanwa a ciki. Shanu kuwa suna son sa kamar me. Baba ya gina musu kwami na siminti a wajen shinge, makiyaya suna biyowa da garkensu tun daga wajen Shanga, ba ya hana kowa. Sunan wurin ma ya koma Rijiyar Arzika, har direbobi na sauke fasinja da sunan.

Shekarar farko alkamarsa ta yi kyau, har daga Birnin Yauri aka zo kallo. Ta biyu ta ragu. Ta bara kuwa ko gwiwa ba ta kai ba, bakin ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta, zangarniyar ƙanana, ƙwayar duk a motse.

Sule ya tsai da shanu a bakin shinge. Gonakin maƙwabta duk ciyawar damina ta rufe su, amma ta Baba sanƙo-sanƙo ce. Inda babu ciyawa ƙasar ta yi ɓawo mai tauri, da fari-fari a kai kamar an barbaɗa gari. A tsakiya ruwan sama na ƙarshe yana nan kwance, ya ƙi nutsewa.

Baba ya daɗe yana kallo. Sannan ya ce, "An ce kin ce rijiyata ta kashe gonata."

"Ban ce ta kashe ba, Baba."

"Mi kinka ce?"

Na dubi yatsun ƙafata. "Na ce tana cutar ta."

Sule ya yi dariya, ba ta jin daɗi ba. "Ruwan da shanu ke ƙiba da shi? Hamdiyya, kin taɓa ganin saniyar da ta sha ruwan nan ta rame? Mutane kanwa suke saye su ba dabbobinsu, mu Allah ya ba mu ita a cikin ruwa. Abin da ya gina saniya ne zai kashe ciyawa?"

"Bar ta ta yi magana, Auta," in ji Baba.

Na fara a hankali. Na ce saniya in ta sha, abin da jikinta bai so tana fitar da shi ta yi gaba. Gona ba ta da inda za ta kai shi. Rana na shanye ruwan ta bar gishirin a ƙasa, gobe a ƙara wani a kai. In ya taru, shi ke riƙe ruwan ya hana saiwa sha, sai alkama ta yi yaushi alhali ƙasa a jiƙe take.

"Da munka ga ta yi yaushi," Baba ya ce a hankali, "sai munka ƙara mata ruwa, safe da yamma."

"Kaɗan-kaɗan, wanda ba ya nutsewa ƙasa. Shi ya fi tara gishirin a sama."

"Da ganyen ya yi ja, sai munka ƙara takin buhu."

"Shi ma in ya yi yawa, ƙarin gishiri ne, Baba."

"To damina fa?" in ji Sule. "Duk ruwan saman nan bai wanke ta ba?"

Na nuna masa ruwan da ke kwance. Na ce irin wannan gishirin yana toshe ƙasa, ta daina shan ruwa. Gonar kuma kamar kwano take, ba ta da mafita. Ruwan sama ya narkar da gishirin, ya tsaya da shi a wurin, rana ta ɗauke ruwan ta mayar mata da kayanta.

Ana cikin haka muka ji ƙararrawar keke. Baba Elijah ne, abokin Baba Arzika tun suna yara a tsibirin da ruwan madatsa ya cinye. Tare aka kwaso iyayensu aka zaunar da su a nan. Ɗaya na zuwa masallaci, ɗaya coci, kuma ban taɓa jin sun haɗu ba su tsokani juna ba.

"Iye! Sarkin Rijiya ya hito rangadi! Ina makaɗan?"

"Na sallame su, na ji kana tahe da wanga keke naka, ƙararsa ta isa."

Baba Elijah ya jingine keken, ya kama gefen amalanken, ya dubi ƙafafun abokinsa.

"Ɗiyar Malam ta ce rijiyata ce," in ji Baba Arzika.

"Ni na daɗe da cewa ruwanka ko shayi ba ya yi."

"Kai bakinka ne ba ya yi." Ya juyo gare ni. "Hamdiyya, magana na ji ta. Amma ni manomi ne, sai na gani da idona. Kina iya nuna min?"

Na ce ina iyawa.

Washegari da hantsi na shiga gidansu da faranti biyu baƙaƙe na innarmu. An kwantar da Baba a ƙarƙashin rumfa a tsakar gida. Na ajiye farantan a rana inda zai iya gani, na zuba ruwan rijiyarsa kaɗan a ɗaya, ruwan tafki a ɗayan. Da suka bushe na sake zubawa, haka na yi ta yi. Inna Barakatu na korar kaji da mafici tana mita.

"Ni dai ban taɓa ganin inda aka yi wa rana girki ba."

"Ki bar ta," in ji Baba. "Yau makaranta nike."

Yinin nan bai yi barcin rana ba. Da la'asar na ɗauko farantan na durƙusa a gabansa. Na tafki ɗan jirwayen laka kawai ya yi. Na rijiya ya yi fari fat, har da zobe a gefe. Baba ya dangwala yatsa ya kai bakinsa. Ya rufe ido.

"Yini ɗaya ke nan," ya ce.

"Eh, Baba."

"Ni kuma shekaru na yi ina zuba mata."

Inna ta daina kaɗa maficin. Na ɗauka zai yi fushi, ko ya ce in kwashe farantaina in ba shi wuri, don rijiyar nan ita ce abin da yake taƙama da shi a duniya. Sai ya buɗe ido ya ce a kira Sule.

"Auta, gobe ka cire tiyon gona daga rijiya. Ruwanta na shanu ne, a bar musu. Ko bayan raina kada a hana su."

"Baba, mutane za su yi mana dariya. Rijiyar da ake kiran gari da sunanta?"

"Su yi. Ni ma in na samu ƙarfi zan taya su."

"To da me za mu yi ban-ruwa? Ni dama na faɗa, in bana ma ba ta yi ba, zan ɗauki babur in koma Yelwa in yi kabu-kabu. Ba zan zauna ina bautar ƙasar da ta mutu ba."

Inna ta sunkuyar da kai. Sule ne kaɗai ya rage musu a gida, yayyensa mata duk suna gidajen aure a nesa.

Baba ya yi ta numfashi kafin ya samu magana. "Ina yaro ruwa ya ci gonar ubana, ina tsaye ina kallo. Wagga aka ba shi a madadinta, da hannunsa ya cire kututturan cikinta. Ba zan je in same shi in ce na kashe ta da gishiri ba." Ya dube ni. "Tana da magani?"

"Sai dai a wanke ta, Baba."

"A wanke gona? Kamar riga?"

"Kusan haka. A haƙa mata magudana a gefen gangare, yadda ruwa zai samu hanyar fita zuwa kwari. A zuba buntun shinkafa da kashin shanu a juya da garma don ƙasar ta saki. Sannan a cika ta da ruwan tafki, mai yawa, ya nutse ya tafi da gishirin. Ba sau ɗaya ba."

"Tafki na can, gona na nan," in ji Sule. "Tiyona ko rabin hanya ba ya kai."

"Naka ne ba ya kai," Baba ya ce. "A kira min Elijah. Gayya zan yi."

Babana ya yi sanarwa a masallaci bayan sallar Juma'a, Baba Elijah ya yi tasa a coci ranar Lahadi. Ba tara hannu kawai aka nema ba, an ce duk mai tiyo ya zo da shi, duk mai inji ya zo da shi da mansa. Lokacin kowa na shirin albasarsa ne, na ɗauka mutum biyar ma ba za a samu ba.

Da na isa ranar gayyar, sai na tsaya a bakin hanya na kasa ƙarasawa. Tiyo ne shimfiɗe tun daga bakin tafki har gonar, shuɗi da baƙi da kore, wani sabo wani duk faci, an haɗa bakunansu an ɗaure da robar tsohuwar taya. A tsakiyar hanya an haƙa rami, injin farko na zubawa a ciki, na biyu na ɗauka ya tura sama. Masunta sun bar komarsu sun zo da shebur. Makiyayan da shanunsu ke shan ruwan rijiyar sun turo amalanke cike da taki, wani dattijonsu ya ce ai na Arzika ne dama, shanun a wurinsa suka sha. Mata sun kafa tukwane a gindin tsamiya, tuwon shinkafa da miyar kifi.

An kawo Baba a amalankensa, aka tsayar a inuwa. Ya sa babbar rigarsa ta zuwa Idi, wadda yanzu ta yi masa yawa.

"Ina mai gayyar?" wani ya tambaya. "Ta ina za mu fara haƙa?"

Baba ya ce, "Ku tambayi ɗiyar Malam. Yau ita ce sarkin noma, ni ɗan kallo ne."

Duk suka juyo suna kallona, maza fiye da yadda na taɓa tsayawa a gabansu. Ban iya ɗaga murya ba, sai na ɗauki kara na shiga gonar ina jan layi a ƙasa, daga inda ruwan ke kwanciya zuwa bakin kwari. Baba Elijah ya biyo ni yana faɗa da ƙarfi.

"Ta ce nan! Kai mai jar hula, ba a kan ƙafarka ta ce ba, a kan layi! Ta ce zurfin ya kai cinya. Cinyar mutum, ba taka ba, gajere!"

Ban ce ko ɗaya daga ciki ba, amma zurfin daidai ya faɗa.

Kafin azahar an gama magudanar, an juya taki da buntu, an tada fangali-fangali masu tsayin baki don su riƙe ruwa. Aka tada injuna. Muka ji tiyon na kumbura yana motsi tun daga ƙasa, mahaɗa biyu suka ɓalle suka jiƙa mutane, aka yi ta ihu ana ɗaurewa. Sannan ruwan tafki ya faɗo cikin gonar Baba Arzika. Ya sa aka ɗebo masa a tafin hannu, ya shafa a fuska.

"Elijah," ya ce, "ka ga ruwan da ya kore mu. Yau shi ya hawo tudu yana yi min aiki."

"Ya daɗe da bashin ban-haƙuri," in ji Baba Elijah, ya juya yana gyaran hular da ba ta karkace ba.

Daga ranar Baba bai sake fita ba. Injuna biyu da tiyon aka bar wa Sule aro, masu su na karɓa su yi nasu ban-ruwan su dawo da su. Kullum da yamma nakan shiga in gaya wa Baba abin da na gani, shi kuma ya tambaye ni dalla-dalla. Ruwan ya nutse ko yana tsaye? Magudanar na gudu? Wane launi?

Da ruwan cikar farko ya janye, ƙasa ta sha iska, sai farin ya dawo a kan bakunan fangalin, har ya fi na da. Sule ya shigo gida da shi a tafin hannu, ya watsa a gaban rumfa.

"Ga wankin nan. Mun ƙona man mutane, mun hana su aikinsu, ga abin da muka samu."

"Wanda ya taso sama ne," na ce. "A kankare shi a fitar waje, a sake cikawa."

"A sake, a sake, har sanyi ya wuce? Alkamar da ba a shuka cikin sanyi ba ai ciyawa ce. Ke in ba ta yi ba, littafinki za ki koma. Ni fa?"

Gaskiyarsa ce, kuma ni kaina a littafi da ɗan filin gwaji na makaranta na san abin, ban taɓa ganin an yi shi a gona sukutum ba.

Baba ya ce, "Hamdiyya, dube ni. Za ta tashi?"

Na ɗago. Fuskarsa ta faɗa, idanun ne kawai suka rage nasa. "Ban tabbata ba, Baba. Ina sa ran mafi yawanta za ta yi. Kusa da rijiya ban sa rai bana ba."

"To, ka ji, Auta. Ba ta yi maka ƙarya don ka ji daɗi ba. Ka ba ni cika biyu nan gaba. In ka shuka ba ta hito ba, ka tahi Yelwa, na yafe maka, innarka ma ta yafe."

"Ni ban ce ba," in ji Inna daga bakin murhu.

"Za ki ce."

Sule ya ɗauki shebur ya fita.

Ya yi cika biyun, ya ƙara ta uku da babu wanda ya sa shi. Ni na gan shi da sassafe cikin sanyi, wando a naɗe, yana kankare bakunan fangali yana zubawa a buhu. Ruwan ya fara nutsewa da wuri. Ƙasar da a da sai an sa ƙarfi kafin fartanya ta shige ta, yanzu tana marmashewa a hannu.

Ranar shuka aka kawo wa Baba irin a ƙwarya. Ya nutsa hannunsa a ciki har wuyan hannu, ya bar shi a nan yana motsa baki. Sannan ya ce wa Sule, "Kada ka zurfafa. In ka ba ta ruwa ka ba ta ta ƙoshi, sannan ka ƙyale ta. Ban da ɗan yayyafin nan namu na da." Ya dube ni ta gefen ido. "Na faɗa daidai, Malama?"

"Daidai ne, Baba."

"Kin ga ban yi asarar kuɗin makaranta ba."

Bayan shuka jikin ya ƙara nauyi. Ya daina cin tuwo, sai kunu cokali-cokali. 'Ya'yansa mata suka iso da jikoki, gidan ya cika. Duk da haka in na shiga sai ya sa a matsa min.

"Ta hito?"

"Tukuna, Baba."

"Alkama ce, ba ta son a tsaya mata a ka."

Ran nan da safe na je gonar na tona da yatsa. Ƙwayar ta kumbura, ta fasa, ɗan farin tsiro ya leƙo, amma bai huda ƙasa ba. A wannan matakin ne gishiri ya fi kashe ta, na sani. Na dawo da sauri in gaya masa ko da wannan ne. Tun daga zaure na ga takalma sun yi yawa. Baba Elijah na tsaye a ƙofar ɗaki da hularsa a hannu. A ciki babana na zaune a gefen gado yana maimaita kalmar shahada a hankali, Inna na riƙe da ƙafafun mijinta.

Na durƙusa a bakin ƙofa. Baba Elijah ya sunkuyo, na raɗa masa abin da na gani. Ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Arzika! Ɗiyar Malam ta ce ta fasa. Tana tahe."

Ban sani ba ko ya ji. Yatsunsa dai sun motsa a kan bargo. Leɓɓansa suka ci gaba da bin na babana, har suka tsaya. Hantsi bai gama ɗagawa ba.

An yi masa sallah bayan azahar a filin ƙofar gida. Daga cikin gida muna jin takun mutane kamar ranar kasuwa. Innarmu da ta leƙa ta ce sahu ya kai har bakin hanya, ga masunta, ga makiyaya da sandunansu a ajiye a gefe. Mutanen coci suka tsaya daga baya har aka idar, sannan suka bi gawar tare da kowa. An ce Baba Elijah ne ya karɓi shebur a maƙabarta, aka yi aka yi ya ba yara ya ƙi.

Kwanakin zaman makoki ban je gonar ba. Aiki ya yi yawa a gidan, ga baƙi, ga girki. Kuma ina tsoro.

Ranar da aka share makoki, ina wanke kwanuka a tsakar gidansu, Sule ya tsaya a kaina. Ƙafafunsa duk laka.

"Hamdiyya, zo ki gani."

Fuskarsa ba ta nuna min komai ba. Na bi shi a baya har muka wuce tsamiya, muka hau tudun.

Daga nesa ƙasa ce kawai. Sai da muka matso, rana na bayanmu, na ga kore-kore siriri kamar allurai, layi bayan layi, tun daga bakin magudana har tsakiyar gona, har gaba. Ba ko'ina ta yi kauri ba. Wasu fangalin sun cika, wasu da giɓi. Kusurwar da ke jikin rijiya kuwa babu ko ɗaya, farin na nan a kanta. A wajen shinge shanu na shan ruwa a kwami.

Na tsuguna ina duba bakin ganyen. Kore ne har ƙarshe.

"Wancan lungun fa?" Sule ya tambaya, yana nuna kusurwar da haɓa.

"Sai an ƙara wanke shi. Bana ba zai yi ba. Sai baɗi."

Ya daɗe yana kallon wurin.

"To, baɗi," ya ce. "Zan ja magudanar ta biyo ta nan tun kafin damina." Ya ɗauki fartanyarsa ya nufi bakin tiyo.

Inna Barakatu na cikin takaba, ba za ta fita ba sai bayan an girbe alkamar. Na sa hannu biyu na ciro dunƙulen ƙasa daga gefen wani fangali mai kauri, da tsironsa da saiwarsa, na tallabo shi a gefen hijabina har gida.

Na same ta zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, carbi a hannu. Na durƙusa na buɗe mata. Ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta shafa kan tsiron da bayan yatsa.

"Duka?"

"Ban da wajen rijiya, Inna."

Ta gyaɗa kai. Ta tashi ta ɗauko wani fasasshen kasko a bayan ɗaki, ta karɓi ƙasar daga hannuna ta zaunar da ita a ciki, ta danna gefe-gefe da babban yatsa. Ta kai kaskon gindin randa, inda ruwa ke ɗiga, ta gyara masa zama. Sannan ta koma kan tabarmarta ta ɗauki carbinta, ta juya ta fuskanci kaskon.